Ranar da Baba Ya Sa Aka Auna Ni

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyar labarin nan. Wanda yau ne farkon zamansa da mu kada ya damu, daga gidanmu zan faro, don in ba a san gidanmu ba, ba za a gane abin da na aikata ba.

Mu huɗu ne a gida: Baba, Mama, ni, sai ƙanwata Auta. Akwai kuma Gwaggo, yayar Baba, wadda ke zaune layi biyu daga namu, amma in ka ga yadda take shigowa sai ka rantse ita ta gina gidan. Baba tela ne. Ɗakin ƙofar gida shi ne shagonsa: keken ɗinki guda ɗaya na ƙafa wanda ya girme ni, teburin yanka, littafin awo mai baƙin bango, da almakashin da ko Mama ba ta isa ta yanka zare da shi ba. Tef ɗin awo kuwa a wuyansa yake wuni, da shi yake cin abinci. Mama ke sa maɓalli da kalmasa bakin mayafi, Auta ke tsince zare a ƙasa tana mita.

Abu biyu muka rasa. Na farko rara. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba mu taɓa rasa sutura ba, ko da yake rigata ɗaya takan haɗa ragowar yadin mutum uku. Amma abin da ya shigo da safe, kafin rana ta faɗi ya ƙare. Na biyu kuma, a gidanmu ba a iya ƙorafi ba. Ban taɓa jin Baba ya ce ya gaji ba. Ko zazzaɓi ke kaɗa Mama, in ka ce mata ya jiki, "Alhamdulillah" za ta ce, ta miƙe ta ɗora tukunya. Da haka na tashi, na ɗauka cewa "ba ni da lafiya" butulci ne ga Allah.

Ranar da na samu gurbin karatun likita a jami'a, sunana ya ɓace a unguwa. Kowa Likita. Baba ma da yake ce mini "Uwata" tun ina zanin goyo, ya koma Likita. Ya zauna ya ɗinka mini farar riga ta ɗakin gwaji da hannunsa, aljihu uku, har da ɗan ƙaramin aljihu na biro a ciki. Har yau ina jin ƙamshin gugar rigar nan.

Baba bai yi nisa a boko ba, lambobi ya sani da sunayen masu kawo ɗinki. Saboda haka kullum bayan sallar asuba nakan aika masa saƙon murya. In ba shi labarin darasi, da malamin da ke magana kamar yana barci, da ruwan famfo da ke zuwa sau ɗaya a rana. Auta ta gaya mini a shago yake kunnawa, ya ƙure ƙara, wai don ya ji sosai, alhali don masu jiran ɗinki su ji ne.

Shekarar farko ta wuce lafiya. A ta biyu aka ƙara kuɗin makaranta. Baba ya yi yadda ya yi ya biya, ya kira ni yana dariya ya ce, "An gama, Likita, saura karatu." Ban iya buɗe baki na ce masa akwai littattafai, akwai takardun darasi, akwai ciki ba. Sai na mayar da cin abincina sau ɗaya, burodi da shayi, wani lokacin shinkafa fara in abokiyar ɗakina ta dafa da yawa. Ɗakinmu gado huɗu ne masu hawa biyu, nawa na sama kusa da taga, da akwatina a ƙarƙashin na ƙasa, da darduma a rataye a ƙusa. In ƙamshin girkin wata ya dame ni, sai in ce azumi nake, in juya fuskata bango.

A nan Mai Kwafi ya shigo rayuwata.

Shagonsa yana bakin ƙofar makaranta, ɗan ƙarami, injin kwafi biyu da kwamfuta ɗaya, da fanka mai kuka. Dogo ne, kullum da riga mai dogon hannu a naɗe zuwa gwiwar hannu, yatsunsa baƙi da tawada. Ya lura ina zuwa in ɗauki takardar darasi in tsaya a gefe ina karantawa da sauri, in mayar, in tafi ban ce a buga mini ba.

Wata rana ya ce, "Malama, idonki ma injin kwafi ne?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce, "Dubawa kawai nake."

"To ki duba a zaune. Ga kujera. Ni kuma ina neman mai jera mini shafi, don jiya na haɗa wa wani takardun ƙashin mutum da na lissafin gini, ya kusa dukana."

Haka muka yi. Ina jera masa shafuka in danna musu ƙarfe, shi kuma duk takardar ajinmu da ta shigo ya ware mini guda. Malama yake ce mini, saboda in 'yan aji ɗaya suka zo suna kokawa da darasi, sai in ja takarda in yi musu bayani har su gane. Na ce masa Likita ake ce mini. Ya ce, "Su suka sani. Ni abin da na gani nake faɗa."

Ba zan ɓoye muku ba, na fara sa mayafina mai ruwan toka ranar da zan je shago, wanda Mama ta yi wa baki da zare mai sheƙi. Shi kuma ya fara ajiye mini biskit a bayan injin, ya ce wai wani ne ya manta da shi. Kullum wani yana manta biskit a shagon nan.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Ba faɗuwa na yi ba, ba kuma wani ne ya ɓata mini rai ba. Kawai na wayi gari jikina ya yi nauyi kamar an jiƙa katifa. In buɗe littafi in karanta layi ɗaya sau goma, babu abin da ya zauna. In shiga aji zuciyata ta hau bugawa har in ji ta a kunnena, tafin hannuna ya jiƙe. Barci ya ƙi zuwa, in ya zo kuma ya ƙi tafiya. Sallah ma da nake jin daɗinta, sai in idar ban san me na karanta ba. Na riƙa ce wa kaina: ke da aka biya wa makaranta, ke da ubanki ke taka keke har ƙafarsa ta kumbura, me kika rasa? Wannan ai rashin godiya ne. In ƙara istigfari, in ƙara kuka.

Abu na farko da na daina shi ne saƙon murya. Na gwada sau uku wata safiya, kowanne muryata na rawa, na goge. Sai na rubuta:

"Ina kwana Baba. Lafiya lau, Alhamdulillah. Karatu ya yi yawa ne."

Auta ta karanta masa. Washegari ma haka. Wata bakwai ina aika wannan, kuma ko hutun tsakiya ban je gida ba, na ce akwai aikin ɗakin gwaji.

Sai na daina zuwa aji. Sai na daina zuwa shago. Kwana goma sha ɗaya ina kan gadon sama, abokiyar ɗakina tana tura mini kofin shayi tana cewa, "Likita, wai ke ba ki da magani ne a cikin littattafan nan?" Wayata tana gefen matashi, saƙon Mai Kwafi na shigowa ina kallo ban buɗe ba. Ranar da na buɗe, ga su a jere:

"Malama, shafuka sun rikice. Ki zo ki cece ni."

"An sake manta biskit. Ya kai guda biyar yanzu."

"Na ba abokiyar ɗakinki takardun makon nan. Ba sai kin karanta ba, ki dai ajiye."

Na ƙarshen ya fi tsawo:

"Ki yi haƙuri in na shiga abin da ba nawa ba. Mahaifiyata ta taɓa yin irin wannan, shekara biyu tana ɗaki, muna ta cewa gajiya ce. Ciwo ne, kuma yana da magani. Akwai wata likita a asibitin makaranta ranar Talata, ba a biyan komai. In kina so zan tsaya a waje in jira ki."

Raina ya ɓaci. Na rubuta masa, "Mahaukaciya ka ɗauke ni?"

Ya amsa nan take: "A'a. Mai jera shafi na ɗauke ki, kuma ina son a dawo mini da ita."

Na je ranar Talata, ba don na yarda ba, don na rasa yadda zan yi. Likitar dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ofishinta da shuka a gwangwani a bakin taga. Ta bar ni na yi magana har na gaji. Da na ce mata ina tsoron imanina ne ya yi rauni, sai ta cire tabarau ta ce, "'Yata, wanda ƙafarsa ta karye ya yi sallah a zaune, imaninsa ne ya karye ko ƙafarsa?"

Na ce ƙafarsa.

"To ki ci gaba da addu'arki, ki sha maganinki, ki dawo Talata mai zuwa. Kuma ki ci abinci. Mutanen gida sun sani?"

Na girgiza kai.

"Wannan ma yana cikin maganin," ta ce. "Amma ba zan tilasta miki ba."

Da na fito, yana zaune a kan dakalin asibiti ya rufe shagonsa da rana tsaka. Bai tambaye ni komai ba. Ya miƙo mini biskit biyar a leda.

Sauƙi ya fara zuwa a hankali, amma ya zo a makare. Saura mako uku jarrabawa. Na shiga, na rubuta abin da na iya, na fito na san abin da na shuka. Na ƙi tafiya gida, na zauna jiran sakamako. Ranar Laraba shugaban sashenmu ya kira ni ofis, ya yi mini magana a tausashe. Ba zan iya ci gaba da karatun likita ba. Amma saboda takardar da likitar asibiti ta rubuta, an ba ni dama in koma sashen koyarwa, in karanta kimiyya in zama malama. Ya miƙo mini takarda guda. A ƙasanta akwai layi: sa hannun uba ko mariƙi. A dawo da ita ranar Litinin, in ba haka ba gurbin ya tafi.

'Yan uwa, ga wautar da na yi, kuma ina faɗa ne don kada wata ta maimaita. A cikin akwatina akwai tsohuwar takardar shiga makaranta mai ɗauke da sa hannun Baba, wannan 'yar lanƙwasa da yake yi kamar yana zana wuyan riga. Na ɗauki takardun biyu na nufi shago. Na sha ganin yadda Mai Kwafi ke ɗaga hoto daga wata takarda ya sa a wata. Na jira mutane suka ragu, na ajiye su a gabansa.

"Ka ɗauke wannan ka sa mini a nan."

Ya duba, ya sake dubawa. Ya kashe injin.

"Baba ya sani?"

"Zai sani. Daga baya."

"Yaushe? Ranar da zai zo bikin kammalawa yana neman layin likitoci?"

"Kai ba ka san Baba ba. Duk unguwa Likita ake ce mini. Gwaggo ta gaya wa kowa har da mai gyaran takalmi. In na faɗa masa, da wane ido zai fita?"

"Da idon da yake fita da shi kullum." Ya tura mini takardun a hankali. "Malama, minti biyu ne aikin, ba wahala. Amma in na yi, ranar da zan je gaishe shi, hannun da zan miƙa masa shi ne wanda ya sace nasa. Ba zan iya ba."

A wani lokacin da wannan magana ta sa na kasa barci don murna, don ranar ce ya fara ambatar zuwa gidanmu. Amma a ranar haushi ne ya cika ni. Na ce, "Ashe iyakar taimakonka biskit ne." Na kwashe takarduna na fita. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya.

Ina isa ɗaki saƙon murya ya shigo daga wayar Auta. Muryar Baba ce, ana jin keke na tafiya a bayanta.

"Likita, na samo farin yadi mai kyau. Tsohuwar rigar ai ta gaji. Ki zo Asabar a auna ki, kin san ba na yanka yadi da tsohon awo."

Ba ni da hanyar zillewa. Safiyar Asabar na tsaya gaban ɗan madubin ɗakinmu na ga ƙashin wuyana a fili. Sai dabara ta zo mini. Na sa doguwar rigata mai ruwan ƙasa, na ɗora mai shuɗi a kai, na yafa babban mayafi. Na ga na ɗan cika. Na ninke takardar na sa a ƙasan jaka.

Ina shiga gida na tarar da Gwaggo a kan tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta janye zani daga gwiwarta.

"Yawwa, Likita, Allah Ya kawo ki. Taɓa nan. Wata uku ke nan tana ƙara kamar ƙofa. Na ƙi zuwa asibiti, na ce muna da namu a gida."

"Gwaggo, ai ban kai nan ba tukuna."

"Shekara biyu ba ki kai gwiwa ba? Daga ina kuka faro, daga gashi?"

Auta ta tuntsire da dariya. Na durƙusa na taɓa gwiwar, na ce ta rage tsayuwa. Wayata da na ajiye a tabarma ta yi haske. Gwaggo ba ta karatu sosai, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Ta miƙa wa Auta.

"Wa ke nemanta?"

Auta, da ba ta san rufin asiri ba, ta karanta da ƙarfi: "Mai Kwafi. Ya ce, Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Malama, ina nan ina addu'a."

Gwaggo ta taɓe baki. "Mai me? To ki ji da kyau. Ba mu sha wahalar nan don ki ƙare a shagon takarda ba. Akwai ɗan aminiyata, injiniya ne, shi ya ce likita yake so. Na riga na ba su hotonki, wanda kika sa farar riga."

Na karɓi wayata daga hannun Auta. Mama ta leƙo daga kicin ta ce Baba na jira a shago.

Shagon yana nan yadda na bar shi, ƙamshin man keke da sabon yadi. Baba ya ɗago ya kalle ni, kallo ɗaya, daga kai zuwa ƙafa. Murmushinsa bai tafi ba, amma na ga ya tsaya. Farin yadin yana shimfiɗe a tebur da alli a kai. Tunda na girma, Mama ke riƙe tef, Baba na rubutawa. Ya zare tef ɗin daga wuyansa ya ba ta, ya buɗe littafin awo a shafina.

"Kafaɗa."

"Sha biyar," in ji Mama.

Ya rubuta. "Ƙugu."

Mama ta zagaya da tef, ta duba. "Ashirin da takwas."

Baba bai rubuta ba. Ya sa yatsa a tsohuwar lambar. Ya ce, "Sake aunawa."

"Ashirin da takwas ne, Malam."

"Da riga biyu ke nan," in ji Baba.

Mama ta kama bakin hannun rigata ta ɗaga, mai ruwan ƙasa ta leƙo.

"Ni na ɗinka su duka," Baba ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tun daga ƙofa na ga shuɗiyar ba ta zauna a kafaɗa ba. Ki ja mana labule." Mama ta ja labulen ƙofar cikin gida, ta dawo ta tsaya da tef a hannu. Ya rufe littafin. "Bara talatin da ɗaya na rubuta, da riga ɗaya. Uwata, ina sauran ki?"

Wannan "Uwata" ita ta karya ni. Na zame na zauna a ƙasa cikin guntayen yadi, na faɗa musu komai. Burodi da shayi. Gadon sama. Likitar Talata da maganin da ke jakata. Jarrabawa. Na ciro takardar na ajiye a kan farin yadin. Har abin da na je yi shagon kwafi ban rage ba, da amsar da aka ba ni. Mama tana share hawaye da bakin mayafi, tana ta cewa, "Da kin faɗa, da kin faɗa."

Baba ya dubi takardar. Ya ɗauki alli ya ajiye. Ya ɗauki almakashi ya mayar. Ina jiran ya yi maganar kuɗin da ya biya, ko maganar mutanen unguwa.

"Wata nawa?" ya ce.

"Bakwai."

"Tun ranar da kika daina aiko murya na san da wani abu. Na ce wa mamanki, ta ce karatu ne. Ni ma na so ya zama karatu ne, shi ya sa ban matsa ba. Wannan laifina ne." Ya shafa fuskarsa. "Amma ke ma kin cuce ni. Wata bakwai ina tashi da asuba ina roƙa miki cin jarrabawa. Ashe barci ya kamata in roƙa miki. Ashe abinci. Kin bar ni ina addu'ar da ba ita kike buƙata ba."

"Na ji tsoron kada ya zama butulci, Baba. Kai ba ka taɓa cewa ka gaji ba."

"Ina faɗa. Ga wadda nake faɗa wa nan." Ya nuna Mama. "Ku ne ba na faɗa wa, don yara ne ku. Ashe kuskure na yi, kuka ɗauka dutse ne ubanku."

Ya ja takardar gabansa, ya ce Mama ta karanta masa. Ta karanta a hankali, tana tuntuɓe a manyan kalmomi. Da ta gama ya dube ni.

"Koyarwar nan, kina so, ko don babu yadda za ki yi ne?"

Ban taɓa tambayar kaina ba. Na tuna yadda nake ji in fuskar yaro ta washe bayan ya gane darasi. Na ce, "Ina so."

"Ba zan ce miki ban ji ciwo ba. Na ji. Na riga na ga ki a asibiti a raina, zai ɗauke ni lokaci kafin in goge." Ya ciro biro daga bayan kunnensa, ya yi bisimilla, ya zana 'yar lanƙwasar nan tasa a kan layin. Ya hura tawadar kamar yadda yake yi wa komai. "Alhamdulillah da Ya dawo mini da ke da ƙafarki. Maganin nan kada ki yi wasa da shi. Kuma daga gobe murya nake so, ko kuka za ki yi a ciki."

Mama ta kalli farin yadin ta ce, "To wannan fa?"

"Mai askin layin baya ya daɗe yana neman abin yafa wa mutane. Ya samu."

Na yi dariya da hawaye a fuskata, karo na farko cikin watanni. Baba ya mayar da tef wuyansa, ya ninke yadin gida huɗu. Sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Shi wannan mai kwafin da ya ƙi satar hannuna. Ki ce masa ina son ganin fuskarsa. Asabar mai zuwa, bayan la'asar."

Kafin in amsa, labule ya motsa. A ƙarƙashinsa na hango takalman Gwaggo, da gwiwar da ba ta son tsayuwa, a tsaye. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta yi gyaran murya ta ce, "Ƙanina, in ka gama ina son magana da kai."

Baba ya ce, "To, Yaya." Ya miƙo mini takardar ya ce in sa a jaka tukuna.

Na sa. Na san akwai rigima a gaba, na san akwai wanda zan ba haƙuri a waya kafin in iya gaya masa saƙon Baba, na kuma san ciwona bai gama tafiya ba. Amma a ƙasan shagon nan, ina da shekara ashirin, na gane cewa iyayena suna cikin ni'imar da nake gode wa Allah a kanta, kuma ɓoye musu ciwona ba godiya ba ce.